Riƙon Kare a Ƙasar Gobir: Tsintuwa da Amana da Kyauta a Yankin Isa da Sabon Birni

1.0 Gabatarwa

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata al'ada da ta daɗe da kafuwa, watau tsinto karen da ya rasa mai shi, a ba wani mutum ya riƙe shi na ɗan lokaci, sa'an nan a nema masa gida na dindindin. A Ingila tun cikin 1824 aka kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi. Cikin 1860 kuma wata mata mai suna Mary Tealby ta buɗe gidan ajiye ɓatattun karnuka a Landan, wanda aka mayar unguwar Battersea a 1871. Amurka ta kafa tata ƙungiyar a 1866.

Duk wanda ya dubi ƙasar Hausa ya ga babu irin waɗannan gidaje, zai iya yanke hukunci cewa Bahaushe bai san riƙon kare ba. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa wannan hukunci bai tsaya da ƙafafunsa ba. Bahaushe yana da tsarinsa na yadda kare ke fita daga hannu ya shiga wani hannu, sai dai tsarin a cikin harshe da fiƙihu da zumunci yake, ba a cikin gini ba. An ɗauki Tozai da kewayenta a matsayin misali, domin a can ne tsarin ya shiga halin da ya wajaba a sake dubansa.

2.0 Tozai da Ƙasar da Take Ciki

Tozai mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Isa, a gabashin Jihar Sakkwato. Isa da maƙwabciyarta Sabon Birni suna cikin tsohuwar ƙasar Gobir, wadda babban birninta Alƙalawa ya faɗa hannun masu jihadi a 1808. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Gobirawa suka kafa Tsibiri, wadda yau take cikin Jamhuriyar Nijar kusa da Maraɗi. Daga baya wani ɓangare nasu, a ƙarƙashin Ɗan Halima, ya kafa Sabon Birni. Saboda haka iyakar da ke tsakanin Nijeriya da Nijar a wannan wuri dangi ɗaya ta raba.

Ƙasar ta noma da kiwo ce. Tana da fadamun gulaben Bunsuru da Gagare da Rima, ga kuma Dajin Gundumi daga yamma. Wurin da gona da garke da daji suka haɗu kuwa ba ya rabuwa da kare. Manomi na bukatarsa don korar biri da tsaron rumbu, makiyayi don garke, mahalbi da ɗan farauta kuma don bin sawun nama da rani. Waɗannan bukatu uku, kamar yadda za a gani a gaba, su ne ainihin waɗanda shari'a ta yarda a ajiye kare dominsu.

3.0 Kare a Bakin Bahaushe

Kalmar kare tana da karin sauti ƙasa-sama, da gajeren wasali a gaɓar farko. Da haka ta bambanta da aikatau kare, mai ma'anar tsarewa, wanda ke da dogon wasali da karin sama-ƙasa. Tamatarsa karya, jam'i karnuka, ko karnai a karin harshen yamma, ɗansa kuwa kwikwiyo.

Idan aka bi karin magana da salon zance, za a tarar Bahaushe baki biyu yake yi game da wannan dabba. Akwai bakin raini. A kira mutum kare zagi ne mai zafi. Karen farautar wani shi ne wanda ake turawa ya yi ɓarna don ladan da bai taka kara ya karya ba, karen mota kuma shi ne na ƙasa duka a ma'aikatan mota. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce ya gani a ƙasa: a nan kwaɗayi aka jingina masa. In ka ga kare yana shinshina takalmi ɗauka zai yi: a nan kuma sata. Akwai kuma bakin yabo, ko da yake bai kai na farko yawa ba. Karen bana shi ke maganin zomon bana shaida ce cewa an san gwanintarsa, an kuma san ba a yin farauta sai da shi.

Abin lura a nan shi ne rainin ya fi yawa a inda kare ke zaune babu aiki, yabon kuma a inda yake da aiki da ubangida. Watau a idon Bahaushe darajar kare tana rataye ne ga mai shi. Karen da ya rasa ubangida ya rasa abinci, ya kuma rasa matsayin da ke hana yara jifansa.

4.0 Matsayin Shari'a

Mutanen wannan yanki Malikawa ne, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, tana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukansu. Akwai hukunce-hukunce huɗu da suka shafi wannan bayani.

Na farko, a mazhabar Maliku kare mai rai ba najasa ba ne. Wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai ana yinsa ne don bin umurni, ba don ƙazantar jikinsa ba. Na biyu, ba a ajiye kare a gida haka kawai, sai don tsaron shuka, ko rakiyar dabbobi, ko farautar neman abinci wadda ba ta wasa ba. Hadisi ya nuna ladan mai ajiye shi ba bisa waɗannan dalilai ba yana raguwa kullum. Malaman baya sun faɗaɗa izinin zuwa tsaron gida idan akwai tsoro, har masu sharhin Risala suka kawo labarin cewa shi kansa Ibn Abi Zaid ya ajiye kare sa'ad da katangar gidansa ta faɗi a zamanin fitina. Na uku, an hana sayar da kare, ko da yake malamai sun saɓa game da wanda aka yi izinin ajiyewa. Amma wanda ya kashe irin wannan kare sai ya biya ƙimarsa. Na huɗu, ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita, tausaya mata kuma abin lada ne. Labarin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare, aka gafarta masa, yana cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim.

Hukunci na uku shi ne mabuɗin wannan nazari. Tun da yake mutumin kirki yana ƙyamar cin kuɗin kare, to, ta wace hanya kare zai sauya hannu? Amsa ita ce ta hanyar kyauta. Abin da ya hana kare shiga kasuwa, shi ne ya tura shi cikin zumunci. An san irin wannan ga Larabawan ƙauye da karensu saluƙi, da kuma Buzayen Azawak da nasu dogon karen, inda bayarwa ta fi sayarwa daraja.

5.0 Hanyoyin da Kare ke Sauya Hannu

5.1 Kyauta

Karya takan yi wata biyu da ciki, kimanin kwana 63. Tun kafin ta haihu, idan an san ta da kamu, abokan farauta sukan riƙa kama kwikwiyo da baki, kowa ya ce a ajiye masa ɗaya. In an yaye su sai a raba. Wanda aka ba yakan yi tukuici, tukuici kuwa ba farashi ba ne, domin ba a cinikinsa. Amfanin wannan hanya shi ne mai bayarwa yana zaɓen hannun da zai saka dabbarsa, yana kuma ganin yadda ake riƙonta, tun da a daji ɗaya suke farauta. Wanda ya bar karen kyauta ya rame ya ci mutuncin wanda ya ba shi.

5.2 Riƙo da Kiwo

Riƙo kalma ce da aka fi sani game da 'ya'ya. Ɗan riƙo shi ne wanda ya tashi a hannun gwaggo ko kaka ko kawu, alhali kowa ya san iyayensa. Littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta buga a 1954, cike yake da misalan wannan al'ada. A wajen dabbobi kuwa kalmar da ta yi daidai da ita ita ce kiwo: matar birni ta ba 'yar'uwarta ta ƙauye akuya, a riƙa raba 'ya'ya bisa sharaɗin da aka yi. Fulani Wodaɓe na Nijar suna da habbanaye, inda ake ba wanda ya rasa dukiya aron saniya har ta haifa masa 'yan maruƙa, sa'an nan ya mayar da uwar.

Kare ma yana shiga wannan tsari. Ɗan ci-rani da zai yi wata huɗu ko biyar a kudu yakan bar karensa ga ƙane ko maƙwabci. Mariƙi ya ci moriyar tsaro da farauta, shi kuma ya ɗauki nauyin ciyarwa. Mallaka ba ta tashi daga mai shi ba. Wannan shi ne daidai abin da Turawa ke nufi da riƙon wucin gadi, sai dai a nan zumunci ne ke tsaye a matsayin ƙungiya.

5.3 Amana

Abin da ke ɗaure riƙo shi ne amana. A fiƙihu, wanda aka ba ajiya ba ya biya idan ta salwanta ba da sakacinsa ba, amma in ya yi sakaci sai ya biya. A al'ada kuwa hukuncin ya fi haka tsanani, domin wanda aka sani da cin amana ko ta kaza ce, ba a sake ba shi ajiyar kome.

5.4 Tsintuwa

Nan ne tsarin ya fi rauni. Shari'a ta yi bayanin tsintuwa filla-filla: a yi cigiya shekara guda, ɓataccen raƙumi a ƙyale shi don yana iya ciyar da kansa, akuyar da aka tsinta a daji kuwa a ɗauke ta kada kyarkeci ya riga. A ƙauye ana kai ɓatacciyar dabba gidan mai gari har mai ita ya zo da shaida. Amma ba kasafai ake kai kare ba, domin ba a lissafa shi cikin dukiya.

Bugu da ƙari, akwai shakku game da dabbar da aka tsinta da girmanta. Hausawa na cewa tsintacciyar mage ba ta mage. Binciken masana halayyar dabbobi ya gaskata wani ɓangare na wannan magana. Scott da Fuller, a littafinsu na 1965, sun nuna cewa kwikwiyo yana koyon sabo da mutane ne tsakanin mako 3 zuwa 12 da haihuwa, wanda kuma ya wuce wannan lokaci bai san hannun mutum ba da wuya ya sake jiki daga baya. To, amma binciken ya kuma nuna iyakar karin maganar. Karen da ya tashi a gida, sa'an nan ya rasa gidan, ya riga ya sami wannan sabo. Abin da yake bukata abinci ne da haƙuri na 'yan makonni. Wajibi ne a rarrabe tsakanin karen da aka haifa a kango da karen da gidansu ya zama kango.

6.0 Yadda Tsarin ya Tsinke

Duk hanyoyin nan da aka zana suna bukatar abu ɗaya, watau jama'a zaunanniya wadda ta san juna. Wannan shi ne abin da ta'addancin 'yan bindiga ya rusa a gabashin Sakkwato. A watan Mayu na 2020 an kashe fiye da mutum 70 a hare-haren da aka kai wa wasu ƙauyukan Sabon Birni, ciki har da Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari. A watan Disamba na 2021 aka ƙone matafiya cikin mota a kusa da Gidan Bawa. Tun daga 2019 dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka zuwa Jihar Maraɗi, inda Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsugunar da wasunsu a Garin Kaka da Ɗan Dajin Makau da Cadakori. Wasu kuma suka kwarara cikin garuruwan Isa da Sabon Birni da Shinkafi.

Ba a kawo wannan don a daidaita asarar rai da asarar dabba ba. An kawo shi ne don a nuna inda igiyar ta tsinke. Mai gudun ceton rai goyo yake ɗauka, ba kare ba. Direba ba zai yarda a sa kare cikin motar da ta cika da mutane ba, mai masauki a birni kuma ba zai karɓe shi ba. Maƙwabcin da a da za a bar wa amana shi ma gudu yake yi. Saniya da akuya suna da kasuwa, saboda haka ko an sayar da su ko an sace su, suna da inda za su. Kare kaɗai ne hukuncin da ya ɗaukaka shi daga ciniki ya bar shi ba mai nema.

Ƙarshen irin wannan kare ɗayan uku ne. Ko yunwa ta kashe shi, ko ya shiga garken karnukan da ke yawo tsakanin kangaye da jujin bayan gari, ko kuma ya faɗa hannun fatake masu kai karnuka kasuwanni irin ta Dawaki da ke Ƙaramar Hukumar Kanke a Jihar Filato, inda ake sayensu don ci.

7.0 Abin da ke Cikin Hatsari

Na biyun nan shi ne ya mai da maganar ta lafiyar jama'a. Ciwon haukan kare ƙwayar cuta ce da ke cikin yawun dabbar da ta kamu, tana shiga ta wurin cizo, ta bi jijiya har ƙwaƙwalwa. Ga mutum takan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin alamu su bayyana, wani lokaci ƙasa da haka ko fiye. Da zarar sun bayyana kuwa, kusan ba mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin 100 daga kare suke samunta, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

Abin da aka saba yi idan karnuka suka yi yawa shi ne a bi su da sanda ko guba. Tarihi ya nuna wannan ba ya ƙarewa da kome. A 1910 hukumar birnin Istambul ta kwashe dubban karnuka ta zuba su a wani tsibiri inda suka mutu da yunwa da ƙishirwa, amma titunan birnin suka sake cika. Dalili kuwa shi ne muddin akwai juji da abinci, gurbin da aka share wasu ne za su cike shi, sababbin kuma ba wanda ya san lafiyarsu. Abin da masana suka tabbatar shi ne idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allurar rigakafi, cutar takan daina yaɗuwa. A kan wannan ne aka gina shirin duniya na 2018 mai burin kawar da mutuwar mutane ta wannan hanya kafin ƙarshen 2030. Allura kuwa ba ta yiwuwa sai ga karen da wani zai iya kira ya zo, ya riƙe shi. Ashe ke nan samar wa kare ubangida shi ne matakin farko na rigakafi.

8.0 Gyara Bisa Tsohon Harsashi

Gina gidan karnuka irin na Landan a wurin da mutane ke kwana a azuzuwan makaranta ba abu ne da hankali zai ɗauka ba, jama'a ma ba za su yarda da shi ba. Abin da ya fi dacewa shi ne a ɗora gyara a kan abin da ake da shi.

Da farko, mahalba da 'yan farauta suna da shugabanni, irin su Sarkin Dawa da Sarkin Baka, su ne kuma suka fi kowa sanin kare da iya kama shi. Su ya kamata su zama mariƙa na farko, da sanin mai gari, kamar yadda ake yi da kowace ɓatacciyar dabba. Na biyu, karen da aka tsinta a ɗaure shi a keɓe, nesa da yara, a kira malamin dabbobi ya duba shi. Idan ya ciji wani, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya asibiti ba tare da jira ba, shi kuma karen a sa masa ido kwana 10. Na uku, a yi masa allura kafin ya shiga sabon gida. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, tana yin wannan allura, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kuma tana da tsangayar likitancin dabbobi a Sakkwato. Na huɗu, a yi cigiya, domin mai shi yana iya kasancewa a Garin Kaka yana jiran ranar komawa. In ya dawo, riƙo ya ƙare. In bai dawo ba, riƙo ya zama kyauta ga wanda ke da gona ko garke.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyan masana harshe. Masu wayar da kai sukan rasa kalmomin da za su yi amfani da su, har su ɗauko na aro waɗanda ke sa maganar ta zama baƙuwa. Alhali kuwa Hausa ba ta gaza ba: karen tsintuwa, mariƙi, riƙon wucin gadi, cigiya, keɓewa, mayar da amana. Kowace daga cikinsu tana ɗauke da hukuncin da mai sauraro ya riga ya sani, ya kuma yarda da shi.

9.0 Kammalawa

An ga yadda hana cinikin kare ya mai da shi abin kyauta da riƙo, da yadda wannan tsari ya dogara ga zaman jama'a wuri ɗaya, da kuma yadda gudun hijira ya tsinka shi a ƙasar Isa da Sabon Birni. An kuma ga cewa karen da ba shi da mai shi ba a iya yi masa allura, wanda ba a yi wa allura ba kuwa yaran 'yan gudun hijira ne ya fi kusa da su. Saura aikin fili. Ya kamata ɗaliban da suka fito daga wannan yanki su tattara kalmomi da kirari da ƙa'idojin rabon nama na 'yan farautar Gobir daga bakin dattawan da ke zaune yanzu a Isa da Sabon Birni da Maraɗi, tun suna da rai, domin da yawa daga cikin ƙauyukan da aka yi waɗannan al'adu sun watse.